Gaɓar Rafin da Inna Ta Tona

Kafin in shiga labarin, ya kamata in bayyana inda na samo abin da zan faɗa, don kada mai karatu ya ba ni yardar da ta wuce abin da nake da shi. Madogarata uku ce. Ta farko ita ce abin da na gani da idona ina yarinya 'yar firamare, kuma na san idon yaro yakan ƙara wa abu girma. Ta biyu ita ce abin da mahaifiyata ta tuna, sai dai a lokacin tana tsakiyar horon likitanci, asibiti ya cinye rabin kwanakinta, don haka da yawa daga abin da ta sani a bakina ta ji shi. Ta uku ita ce maganganun kakata, wadda duk gidanmu ke kira Inna, waɗanda ta riƙa yi mana ta waya bayan ta koma gida. Shekarar kuwa na kasa tsayar da ita. Mama ta ce kafin ƙanena ya fara tafiya ne, Abba ya ce bayan ya fara. Abin da muka haɗu a kansa shi ne, cikin shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da aka rage wa hukumomin gari kuɗi a Birtaniya, kuma azumin shekarar ya faɗo cikin dogayen ranaku. Abin da zan faɗa game da tsiron da labarin ya shafa daga baya na karanta shi, ba fannina ba ne, kuma duk inda nake shakka zan ce ina shakka.

Muna zaune ne a Withington, a kudancin Manchester, a hawa na biyu na wani tsohon gidan jan bulo da aka raba wa iyalai. Abba yana rubuta kundin digirinsa na uku a fannin injiniya, Mama tana asibiti. A ƙarshen layinmu akwai cibiyar renon yara ta hukuma, can ake ajiye ƙanena da safe, ni ma can nake zuwa idan an tashi daga makaranta. Da farko aka rage ranakun buɗe ta, daga baya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ɗakin karatun unguwa ma ya koma buɗewa rabin mako. Iyayena suka duba ta ko'ina ba su ga mafita ba, sai aka nemo wa Inna biza ta wata shida don ta zo ta riƙe mu.

Ta sauka a ƙarshen hunturu, da ƙaramin turmi a cikin akwatinta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Mama ba ta kiran sunana, Ummi take ce mini, Inna kuwa takwara take ce mini, in kuma Hausata ta karye ta ce Baturiya. Mama 'yar fari ce, don haka Inna ba ta faɗin sunanta, Likita take kiranta, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da tsokana. Makonnin farko ba su yi mata daɗi ba. Takan gama aikinta ta tsaya a taga da carbi a hannu tana kallon motoci. Wata rana ta juyo ta ce, “Likita, wai garin nan ba shi da ƙasa ne? Tun da na zo ban taka ƙasa ba. Daga kwalta sai siminti, daga siminti sai darduma.” Mama ta yi dariya, amma na ji ta tana gaya wa Abba cewa tana tsoron Inna ba za ta cika wata shidan ba.

Sai na girma na gane abin da take nufi da ƙasa. Inna ta tashi a wani gari mai fadama a kudancin Kano, mahaifinta mai lambun albasa da tafarnuwa ne. Idan tana yi mini kitso takan ba ni labarin ƙuruciyarta, ba ta ambatar shekara, ba ta ambatar sunan kowa, sai sauti da aiki. Takan kwaikwayi kukan jigo da sassafe, yadda itacen ke ƙara idan guga ya taso daga rijiya, da yadda ruwa ke bin kwalbati yana shiga fangali bayan fangali, yara suna toshe wannan da laka suna buɗe wancan. Idan aka cire albasa, lawashi na mata ne da 'yan mata. Su tara shi, su daka, su dunƙula, su shanya a kan rufin soro har ya bushe ya zama gabu, wanda za a riƙa marmasawa a miyar kuka har wata shekarar. Ta ce warinsa yakan zauna a hannu har ranar kasuwa, kuma babu mai jin kunyarsa domin hannun kowa haka yake. Yanzu, in ji ta, injin ban ruwa ya kori jigo, ƙararsa ba ta barin ka ji sallamar maƙwabci, dunƙulen kanti kuma ya kori gabu, sai tsofaffi irinta ke nemansa. Akwai labari guda da ta fi maimaitawa. Tana ƙarama ta tsinci 'yan albasa da aka manta a fangalin maƙwabcinsu bayan an gama cira, ta kawo gida tana murna. Mahaifinta bai doke ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya kama hannunta, suka taka har gidan mutumin, ya sa ta faɗi abin da ta ɗauka da bakinta, ta roƙi yafiya. Mutumin ya yi dariya ya ƙara mata wasu. A hanyar dawowa mahaifinta ya ce mata kala halal ce, amma sai an tambaya, kuma hakkin da bai kai a kula da shi ba shi ne mutum ke mantawa har ya tarar da shi a gaba.

Wata Asabar Mama ta samu hutu, ta ce a fita da Inna ta sha iska. Muka hau bas zuwa wani ɗan daji da ke kusa da kogi, kudu da unguwarmu. Itatuwan duk tsirara suke, babu ganye ko ɗaya, haske yana zubowa har ƙasa. Mun bi wata 'yar hanya mai taɓo da ta gangara wajen rafi, sai Inna ta tsaya cak, ta ɗaga hanci.

“Takwara, wa ke daka tafarnuwa a daji?”

Muka ƙara gaba kaɗan, sai ga gaɓar rafin gaba ɗaya a rufe da kore, daga bakin ruwa har gindin itatuwa, babu inda za ka sa ƙafa. Ganyen faffaɗa ne, mai tsini a baki, mai laushi da sheƙi, bai yi kama da ganyen tafarnuwar da ta sani ba. Ta tsuguna, ta tsinki ɗaya, ta murza a tafin hannu, ta shinshina, ta ɗan ɗanɗana a harshe. Tun zuwanta ban ga fuskarta ta saki haka ba.

“Gonar wa ce?”

“Ba gona ba ce, Inna,” in ji Mama. “Daji ne na council, hukumar gari, kowa yana shiga.”

“Babu wanda ya shuka?”

“Babu. Da kanta take fitowa.”

“Ikon Allah. To an yarda a tsinka?”

“Ganye dai ina ganin mutane suna tsinka, har a gidajen abinci ana sa shi.”

Inna ta yi bisimilla ta cika bakin gyalenta.

Daga ranar rayuwar gidanmu ta canja. Idan na dawo daga makaranta sai mu tura keken ƙanena mu hau bas, ni ce mai magana da direba, ita ce mai sanin lokacin sauka. A dajin ta koya mini kada in tsinki ganye sai na murza na ji wari, domin akwai wani tsiro mai kama da shi da ke fitowa a tsakaninsa, wanda ta ce fuskarsa ba ta yi mata ba. Daga baya na karanta cewa lallai akwai irin wannan tsiro kuma yana da dafi. A gida ta ɗora turminta a kan tawul da aka ninka don kada maƙwabtanmu na hawan ƙasa su buga mana rufinsu da sandar tsintsiya, ta daka ganyen, ta dunƙula. Rana babu, don haka a kan hitar ɗumama ɗaki ta jera dunƙulen, a bisa takardar jarida. Labule ya ɗauki wari, kayan makarantata suka ɗauka, har wata yarinya a ajinmu ta sauya kujera. Mama ta ce, “Inna, don Allah, gobe ina da clinic, marasa lafiya za su gudu.” Inna ta ce, “Su gudu mana, ai sun warke ke nan. Ke da kika girma da warin nan a bakinki yau kike yi mini yanga?” Ranar da ta marmasa gabun farko a miyar kuka, Abba ya ƙara tuwo, ita kuma ta lura.

Sannan furen ya fito. Fari ne tas, ƙanana-ƙanana masu kama da taurari, a dunƙule a kan kara guda, har gaɓar ta koma kamar an shanya farin ƙyalle a kan kore. Ƙudan zuma da wasu ƙananan ƙwari masu tsayawa cak a iska suka cika wurin. Inna takan shimfiɗa leda ta zauna, ƙanena yana barci, ta cire takalmi ta ɗora tafin ƙafarta a kan ƙasa mai sanyi. Ta daina tsayuwar taga. Ta daina tambayar saura wata nawa.

Abu guda ne ya riƙa damunta. A wurinta tafarnuwa kai ce, ganye ƙari ne kawai. Tun da wuri ta tumɓuke guda don ta duba, ta tarar da wani siririn farin kai da bai kai ɗan yatsana kauri ba. Ta ce bai ƙosa ba, a ba shi lokaci, domin duk ɗan lambu ya san ba a cire tafarnuwa sai ganyenta ya yi rawaya ya kwanta. Da itatuwa suka yi ganye, inuwa ta rufe dajin, sai kuwa ganyen ya fara rawaya, ya yi laushi, ya kwanta a ƙasa. Inna ta duba ta ga babu wanda ya zo cira. Ta ce, “Mutanen nan za su bar abinci ya ruɓe a ƙasa? Wannan ai almubazzaranci ne, ga azumi ya gabato.” Ba ta da fartanya, sai ta ɗauki tsohuwar wuƙar kicin da babban cokalin ƙarfe. Ta yi 'yan kwanaki tana tono, ni ina kakkaɓe ƙasa ina zubawa a leda. Faɗin wurin a idona ya kai tabarma uku, ita ta ce biyu ne da ɗoriya, kuma na fi yarda da awonta. Kawunan dai ba su ƙara kauri ba. Ta ce, “Har tafarnuwarsu ma ramammiya ce.”

Akwai wani dattijon Bature da muke yawan gani a dajin, da koriyar riga da ta koɗe, yana tsince ledoji da gwangwanaye da wata sanda mai baki. Inna takan ɗaga masa hannu, ta sa masa suna Mai Gadi. A rana ta ƙarshe ta tonon ya biyo ta gaɓar, ya tsaya a kanmu. Ya daɗe yana kallon ƙasar da aka birkice. Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take, kuma ni ya kalla domin ya san ni ce mai jin Turanci. Ya ce ganye in an tsinka yana dawowa, amma wannan farin abin shi ne tsiron kansa, haka girmansa yake, ba ya wuce haka, yana kwana ne a ƙasa har ƙarshen hunturu ya sake fitowa. Ya ce ba ya yaɗuwa da sauri, kuma gaɓar nan ta girmi gidajen da ke kewaye da ita. Ya ƙara da cewa doka ma ta hana a tumɓuke tsiron daji sai da izinin mai ƙasa, amma shi ba zai kai ƙarar kowa ba.

“Me ya ce?” in ji Inna.

Na fassara mata iya abin da Hausata ta ɗauka. Ta sa na maimaita maganar kwana a ƙasa. Sai ta ajiye wuƙar a hankali, ta dubi ledar, ta dubi ramukan.

“Innalillahi. Iri na cinye. Ganye na tambaya, takwara, ban tambayi kai ba.” Ta gyara gyalenta ta miƙe tsaye. “Ce masa na ci hakkinsa, ya yafe mini don Allah.”

Na gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce ba nasa ba ne. Ya yi shekaru yana aikin kula da dajin, amma an soke aikin, yanzu zuwa kawai yake yi saboda ƙafarsa ta saba. Ya ce da nasa ne da ya yafe, amma ba shi da ikon yafe abin da ba a hannunsa yake ba.

“Mutumin kirki ne, ya san gaskiya,” in ji Inna. “To tambaye shi wa ke sama da shi.”

Ya nuna mana wata 'yar bukkar katako a bakin hanya, an rufe tagoginta da allo. Ya ce da can a nan ake samun mai amsawa. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya karɓi cokalin, shi da Inna suka mayar da kawunan ranar cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba mai jin yaren wani. Na kwanakin baya kuwa an riga an daka su, wasu mun ci.

Mama ta ɗauki abin da sauƙi da farko, amma da ta ga Inna ta ƙi cin abincin da aka sa gabun, sai ta fara buga wa hukumar gari waya. Murya ce ta na'ura ke amsawa, ta tura ka wani sashe, sashen ya tura ka wani. Wani ya ce mai yiwuwa gaɓar tana cikin iyakar wata hukumar ce daban. A ƙarshe wata budurwa ta saurari labarin duka, ta ce kada tsohuwa ta damu kanta.

“Shi ke nan, Inna, an ce kada ki damu.”

“Ita ce mai dajin?”

“Ma'aikaciya ce a ofis.”

“Ta taɓa ganin wurin?”

Mama ta girgiza kai.

“To ta yafe abin da ba ta san shi ba. Allah ya saka mata, amma ba ita nake nema ba.”

Abba ya sa baki, ya ce ya ji akwai wata dabba mai kama da dage da ke tonon kawunan ta ci, kuma ba a ce ta yi laifi ba. Inna ta dube shi ta ce, “Injiniya, ita ba za a tsayar da ita a tambaye ta ba. Ni za a tsayar.” Mama ta ce ai dajin na jama'a ne, na kowa da kowa. Inna ta ce, “Wannan ya fi muni. Da na mutum ɗaya ne da na je ƙofarsa.”

Cikin azumi ta sa na raka ta, ta kwashe sauran gabun ta marmasa shi a kan wurin da ta tona, domin ta ce ba za ta ci ba kuma ba za ta zuba a shara ba. A lokacin babu ko ganye ɗaya a gaɓar duka, sai ƙasa mai duhu da busassun karare, alhali ko'ina a garin kore ne shar. Na tuna mata abin da dattijon ya ce, cewa kwana take yi. Ta ce ta ji, amma a iya saninta tsiro ba ya mutuwa ana tsakiyar ruwa sai in an cuce shi. Ba mu sake haɗuwa da dattijon ba. Bayan salla bizarta ta ƙare, ta tafi ba ta ga fitowar ganye ba. Kafin hunturu kuma Mama ta samu aiki a babban asibitin da ke Edgbaston, muka tattara muka koma Birmingham. Inna ba ta sake zuwa ba, da farko saboda gwiwa, daga baya saboda ciwon da ya kwantar da ita.

Kowace shekara, idan sanyi ya fara ja da baya a nan, sai tambayar ta zo ta waya, ko da yaya ta san lokacin.

“Wurin nan ya rufe?”

“Ya rufe mana, Inna,” in ji Mama.

“Kin je?”

“Ai tun yaushe, dole ya rufe.”

“Likita, ba ni takwara.”

Ni kuma in ce ban je ba, ban sani ba. Sai ta ce, “Yauwa, Baturiya. Hausarki a karye, amma ba ta da ƙari.” A Birmingham ma akwai tsiron a bakin rafuka, na ɗauki hotonsa na aika mata, ta ce ya yi kyau amma wannan na wasu ne. Mama ta tambayi wani malami a masallacin da muke zuwa a Perry Barr, ya ce idan aka rasa mai hakki sai a yi sadaka a madadinsa, aka yi. Inna ta ce Allah ya karɓa, sannan ta ƙara da cewa, “Sadaka ta wanda aka nema aka rasa ce. Mu mun nema sosai kuwa?” Tsakanin garuruwan biyu ba wata tafiya ba ce a jirgin ƙasa, amma lokacin ganyen gajere ne kuma kullum yana faɗowa cikin shirin jarrabawa, shekara ta bi shekara. A shekarata ta ƙarshe a jami'a, muryarta ta riga ta yi rauni, ta ce mini, “Takwara, ke kika fassara, ke kika san wurin. Ki je ki roƙa mini.” Ta rasu cikin hunturun nan, Allah ya jiƙanta.

A watannin da suka biyo baya na karanta abin da na samu game da tsiron, kuma na gane Inna ba ta yi kuskuren noma ba, ta dai kawo ilimin wata ƙasa ne zuwa wata. A gida kore ruwa yake bi. A dajin nan ruwa ba ya yankewa, haske ne ke yankewa. Tafarnuwar daji tana fitowa ne a ɗan tsakanin da ƙasa ta fara ɗumi amma itatuwa ba su yi ganye ba, ta sha hasken, ta yi fure, ta ciyar da ƙwarin da suka farka da wuri, ta tara abincinta a wannan siririn kai, sannan ta janye kafin inuwa ta rufe. Ganyenta yana narkewa ya koma taki ga itatuwan da suka rufe ta. Irinta baƙi ne, yana faɗuwa kusa da uwar, kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya kai ga fure, shi ya sa masana ke lissafa ta cikin alamun tsohon daji. Game da abin da ya dame ni kuwa, ban samu amsa guda ba. Idan inuwa da danshi suka ci gaba, na kewaye na iya cike gurbin sannu a hankali. Idan kuwa sama ta buɗe, rana ta sauka, wasu ciyayi masu ƙarfi kan riga ta kama wurin.

Na je a watan Afrilu. Warin ne ya fara tarbata tun ban ga rafin ba, kuma sai da na tsaya na jingina da itace. Bukkar katakon babu ita, sai dandamalin siminti. Hanyar ta zaizaye, an sare wasu manyan itatuwa da ciwo ya kama, kututturansu na nan. Gaɓar tana nan da korenta da farin furenta, sai dai ba a haɗe take ba kamar yadda na tuna. Akwai gurbi kusa da ruwa, ƙasa tsirara, mai kama da aikin ambaliya. Akwai wani a sama inda aka sare itace, ciyawa mai ƙaiƙayi da sarƙaƙiya sun cinye shi. Na yi ta kai da komo ina neman alamar da zan kama, saiwa ko dutse, ban samu wadda zan rantse a kanta ba. Mai yiwuwa wurin Inna ɗaya ne daga cikin biyun. Mai yiwuwa kuma yana ƙarƙashin furen da nake kallo, ya rufe tun tuni.

Duk da haka saƙo aka ba ni. Na tsaya a tsakanin guraben biyu, na yi sallama da murya, na ce wata baiwar Allah ta tona gaɓar nan bisa rashin sani, ta ci wasu, ta mayar da wasu, ta rasu tana roƙon a yafe mata. Wani magidanci da ke wucewa da karensa ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya. Na tambaye shi ko a nan kusa yake zaune, ya ce a nan aka haife shi. Sai na ba shi labarin a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hularsa, ya ce in dai yana da kaso a dajin, to ya yafe nasa. Na yi masa godiya, ya ja karensa ya wuce.

Kason mutum ɗaya ke nan, kuma shi kaɗai zan iya shaida cewa an yafe. Sauran mutanen garin ban san su ba, dattijon mai koriyar riga ban san ko yana raye ba, kuma ban san ko ƙwarin da suka zo a shekarar da ta biyo baya suka tarar da ƙasa babu fure suna cikin masu hakki ba. Na tambayi waɗanda suka fi ni ilimi, kowa ya kwantar mini da hankali, amma babu wanda ya amsa abin da Inna ta tambaya. Wanda ya taɓa abin da yake na kowa, wa zai roƙa, kuma mutum nawa ne za su yafe kafin a ce an yafe masa?